Abin da Ke Cikin Bututu

"Mai Famfo ba zai ƙara taka ƙofar gidan nan ba. Na faɗa, kuma ba zan maimaita ba."

Da wannan maganar Yaya ya tarbi Auta, ko takalmi ba ta cire ba. Dawowarta ke nan daga shagon buga takardu inda take aiki, rana tsaka, jaka a kafaɗa, yatsunta duk tawada. Ta dubi yayanta, ta dubi Mama da ta zuba tagumi, sannan idonta ya sauka kan 'yarta.

Mage, 'yar shekara biyar, ta cusa kai cikin zanin kakarta, ƙafafunta kawai ake gani. Yarinyar da aka laƙaba wa wannan suna saboda babu lungun gidan da ba ta shiga, yau ga ta a dunƙule tana shessheƙa.

Auta ta yar da jakar. Kafin ta san abin da ake ciki ta riga ta ɗauke ta, tana taɓa goshinta, tana juya hannuwanta.

"Faɗuwa ta yi? Ƙonewa ta yi? Mama, ku yi mini magana mana!"

"Jikinta lafiya lau," in ji Mama a sanyaye. "Katun na sa mata."

"Wane katun?"

"Na cikin filash ɗin da ke gaban madubinki. Ba ke kika ce mini katun ne ba? Na ga ta hana ni sakat ina son ɗora girki, na soka a talabijin, na shiga kicin. Ban gama yanka albasa ba na ji ihu."

Auta ta ƙara rungume Mage.

Filash ɗin Mai Famfo ne ya ba ta, mutumin da ya yi wata bakwai yana neman aurenta. Abin da ke ciki kuwa zanen Japan ne, amma ba irin na ɓera da kyanwa ba. Labarin wani birni ne na can gaba, wanda ruwa ya cinye rabinsa, mutane suka koma saman benaye, masu mulki suka kulle ruwan sha, suka saki wasu ƙwari na ƙarfe masu jan ido suna bin bututu suna farautar duk wanda ya ɗebi ko kofi ɗaya.

"Umma," Mage ta faɗa cikin wuyanta, "yana cikin bututunmu. Mai jan ido. Na ji shi yana gurnani a banɗaki."

"Kin ji ko?" Yaya ya tafa hannu. "Ƙato da gemu, shekara talatin da huɗu, ya zauna yana kallon 'yan tsana! Tun farko na ce muku akwai abin da ya kwance masa a kai. Yanzu ga shi ya shigo mana da masifa, ya firgita marainiya. Ko gargaɗi bai iya yi ba."



"Ga Mai Kemis," Yaya ya ci gaba, "abokina tun muna yara. Mutum mai nutsuwa, in ba labarai ba babu abin da yake kallo. Sau nawa yana yi mini maganarki? Ranar Asabar zan ce masa ya zo ku gaisa. Ba tilas nake yi miki ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ki dubi abin da ke hannunki, sannan ki ba ni amsa."

Ta dubi abin da ke hannunta. Mage ta ƙanƙame ta har wuyanta na zafi.

Akwai magana ɗaya da za ta iya faɗa a lokacin ta wanke Mai Famfo. Ba ta faɗa ba.

*

Ranar da ya ba ta filash ɗin, ya naɗe shi da farar filasta irin wadda yake manna wa bututu alama, ya rubuta da manyan haruffa: BA NA YARA BA. Har ya ja layi biyu a ƙasa.

Ita ce ta ɓare filastar a cikin mota kafin ta iso gida. Ta san halin Yaya, ta san idon Mama. Su ga wannan rubutu a kayan da saurayi ya ba bazawara, ai sai a kira taro. Shi ya sa da Mama ta tambaye ta, ta ce katun ne kawai, ta wuce.

Kuma ba don shi take kallon abin ba. Ita ma ya kama ta.

Shekara uku da suka wuce, da mijinta ya rasu, kowa ya zo ya ce mata komai zai wuce. Ta gode musu, amma a ranta ta san ƙarya ce, duniyarta ta riga ta rushe. Finafinan da ƙawayenta ke kallo, na manyan gidaje da furanni, haushi suke ba ta. Sai ga wannan zane. Shi bai ce mata komai zai wuce ba. Ya nuna mata birni ya lalace gaba ɗaya, babu gyara, sannan a hawa na arba'in ga wata tsohuwa mai wankau ta ɗaura igiya tsakanin tagogi biyu tana shanya, tana faɗa da jikarta a kan tsefe kai.

Ranar da ta ga wannan, Auta ta yi kuka har ta gode wa Allah, sannan ta tashi ta wanke labulen ɗakinta, wanda rabonsa da ruwa tun mijinta na da rai.

Wa za ta yi wa wannan bayani? Yaya?

*

Kwana uku Mage ba ta taka banɗaki ba.

A kicin ake yi mata wanka cikin baho, shi ma sai an toshe ramin sinki da tsumma. Fo ɗin da aka ajiye tun tana 'yar shekara biyu aka sake fito da shi. In wani ya buɗe famfon wanke hannu, bututun ya yi ƙugin nan da ya saba yi, sai ta ruga ta shige bayan kujera.

Auta ta lallashe ta, ta yi mata addu'a, ta rantse mata babu komai a ciki.

"Kin duba?" in ji Mage.

"Ba sai na duba ba, na sani."

"To ai ba ki duba ba."

A rana ta uku Mama ta same ta a ɗaki tana ninke kayan yarinyar, hawaye na ɗiga a kansu.

"Auta, zauna. Kina son yaron nan?"

"Mama, so ba shi ne magana ba yanzu."

"Ni na tambaye ki."

"Ina son sa." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Bai taɓa kira na da komai ba sai Maman Mage. Tun ranar farko ya ce in ba da ita ba, shi ma ba ya so. Mai Kemis kuwa kin ji abin da ya gaya wa Yaya, wai a bar ta a wurinki, ta riƙa zuwa hutu. Hutu, Mama! 'Yata ta riƙa zuwa mini hutu!"

"Na ji wannan, kuma ban so shi ba."

"Amma dubi yadda ta koma. Yarinyar da ke hawa kan firji, yau tana tsoron famfo. In na aure shi, wannan abin zai shigo gidan da take kwana. In kuma ban aure shi ba..." Kuka ya ƙwace mata. "Ni ban san inda zan sa kaina ba."

Mama ta shiga shafa bayanta. Shekara talatin ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya, kuma har yau ba ta yanke wa ɗalibi hukunci sai ta karanta takardarsa.

"Ba ni filash ɗin," ta ce.

"Me za ki yi da shi?"

"Kallo zan yi, daga farko har ƙarshe, in Mage ta tafi makaranta. Zan sa tabarau in bi rubutun da ke gudu a ƙasa. Duk ɓarnar da na gani zan rubuta da jan biro. In na sallame shi, in sallame shi da hujja."

*

Washegari Auta ta nemi izini a shago, ta same shi a wani gini da ake ɗora wa bene. Yana durƙushe a ƙasan tanki, hannunsa duk gam, fensir a bayan kunne. Da ya hango ta ya miƙe yana murmushi, murmushin ya mutu kafin ta ƙaraso.

"Maman Mage, kwana huɗu ba kya ɗaukar wayata."

Ta gaya masa komai, a tsaye, ba ta yarda ta dubi fuskarsa ba.

"Filastar fa?" ya tambaya a hankali.

"Na cire."

Ya gyaɗa kai. Bai ce don me ba.

"Sun sani?"

"A'a. Kai suke zagi."

"To su ci gaba. Ni fata ta yi kauri, masu gida sun saba zagina."

"Ba wasa na zo yi ba," ta ce. "Na zo in gaya maka ka haƙura. In an ce in zaɓa tsakanin kai da ita, ba zan ma tsaya tunani ba."

"Da kin tsaya tunani, da ban nemi aurenki ba." Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Wane waje ta gani?"

"Me zai amfane ka?"

"Don Allah."

"Inda ƙwaron ke fitowa ta ramin wanke hannu. Yanzu ta ce yana cikin namu, wai tana jin gurnaninsa."

Ya ɗago kai da sauri. "Bututun naku yana ƙugi? Bayan ruwa ya wuce, ko yana cikin wucewa?"

"Kai wane irin mutum ne? Ina gaya maka mun rabu, kana tambayata ƙugin bututu!"

"Yi haƙuri." Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma ya daure. "Kin san abin da ya fara ja na wajen zanen nan? Bututu. Su mutanen nan, in za su zana bututu, sai sun zana tsatsarsa, da inda yake ɗiga, da tsumman da wani talaka ya ɗaure shi da shi. Duk rayuwata ina gyara abin da ake ɓoyewa cikin bango, ba wanda ke kallo. Sai na ga wani a can wata duniya ya zauna ya zana shi kamar fuskar mutum. Kuma ki lura, duk yadda birnin ya lalace, sai kin ga wani a gefe da sifana yana gyara. Ba ya hana duniya rushewa, amma ranar dai yara sun sha ruwa. Ni shi nake kallo, ba ƙwaron ba."

"Ita ƙwaron ta gani."

"Na sani. Kuma ba zan yafe wa kaina ba."

Ta juya da sauri, don in ta ƙara minti ɗaya ba za ta iya tafiya ba. Har ta kai bakin titi tana kuka, mai sayar da lemo yana ce mata sannu.

*

Ranar Asabar da hantsi tana shara aka buga ƙofa. Ta buɗe, tsintsiya ta kusa faɗuwa daga hannunta.

Mai Famfo ne, da akwatin kayan aikinsa.

"Ka haukace? Yaya na hanya!"

"Ni na kira shi," in ji Mama daga falo. "Gidana ne ko na yayanki? Shigo, ɗana. Ba hira ka zo ba, aiki ka zo. Bututuna na ƙugi."

Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta. Mama na zaune da tabarau a kan hanci, littafinta a cinya. Auta ta saci kallon shafin da ke buɗe. A sama an rubuta da jan biro: *Duhu ya yi yawa. Harbe-harbe babu dalili.* Can ƙasa kuwa rubutun ya canza: *Tsohuwar nan tana da gaskiya. Yarinyar ba ta jin magana, kamar wata da na sani. Kada su hau jirgin nan, tarko ne!*

Mama ta rufe littafin da sauri.

Mage ta leƙo daga bayan kujera. Mai Famfo bai je wurinta ba. Ya zauna a ƙasa, nesa da ita, ya buɗe akwatinsa, ya shiga jera kaya a kan tabarma kamar babu kowa a ɗakin.

"Mama," ya ce, "akwai matsala. Ni kaɗai na zo, kuma aikin nan sai da mai riƙe tocila. Ga shi ƙasan sinki matsattse ne, babba ba zai iya ba."

Mage ta ƙara leƙowa.

"Kar ka buɗe," wata 'yar murya ta ce. "Mai jan ido na ciki."

Auta ta yi niyyar cewa babu komai, ya ɗaga mata hannu kaɗan.

"To fa," ya ce da gaske, yana kallon Mage. "Gara da kika gaya mini. Girmansa ya kai yaya?"

"Ya kai Kawu."

"Har da tumbin?"

Mama ta toshe baki da littafi.

"Har da shi."

Ya ciro ma'auninsa na ƙarfe, ya ja shi ya yi tsawo. "Kawunki faɗinsa ya kai haka." Ya ciro guntun bututu daga akwatin, ya mirgina mata shi a ƙasa har ya taɓa ƙafarta. "Wannan irin naku ne sak. Sa hannunki a ciki mu gani."

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ɗauka. Yatsu uku ne suka shiga, na huɗu ya ƙi.

"Yana iya matsewa," ta ce.

"Yana yiwuwa. Ni dai ban taɓa gani ba, kuma na buɗe bututu ya fi dubu. Wancan da kika gani, wasu mutane ne suka zana shi da fensir, kamar yadda kike zana kakarki da dogon hanci. Amma ba zan ce miki babu komai a cikin naku ba, tunda ban duba ba. Akwai abin da ke sa shi ƙugi. Ni zan shiga gaba. In mai jan ido ne, ni zai fara ci, ke ki ruga. In ba shi ba ne, ke za ki fara gani, don tocilar na hannunki."

Mage ta dubi uwarta.

Duk jikin Auta na ce mata ta ɗauke 'yarta ta kai ta ɗaki. Ta haɗiye wannan, ta durƙusa.

"Ina bayanki," ta ce. "Hannuna na riƙe da rigarki."

Haka suka shiga, su uku, Mama na biye. Ƙafar Mage ta tsaya a bakin ƙofar banɗakin, ta ɗaga, ta sauke, sannan ta taka. Hasken tocilar na rawa a bango.

Ya kwanta rigingine a kan tayil, ya tura bokiti ƙarƙashin sinkin.

"Haska nan. Kin ga inda ya lanƙwashe kamar gwiwa? Kullum akwai ruwa a kwance a wurin, shi ne ƙofa. Ko wari ba ya iya wucewa ya shigo. Yanzu zan kwance. Ƙirga mini."

"Ɗaya... biyu..."

A bakwai gwiwar ta saki. Baƙin ruwa ya zubo cikin bokitin, Mage ta yi ƙara ta ruƙunƙume ƙafar uwarta, amma ba ta saki tocilar ba.

Ya zazzage gwiwar a kan tsohuwar jarida, ya shiga tonawa da waya.

"Bari mu ga dodon. Gashi. Ƙarin gashi. Murfin man goge baki. Ɗan kunne."

"Ɗan kunnena!" Mama ta dafe ƙirji. "Wata shida ina zargin maƙwabciya!"

"Sai kuma wannan." Ya ɗago wani ɗan abu ruwan hoda, ya ɗauraye shi. Takalmin 'yar tsana ne. Ya sake tonawa, ga na biyu. Sai duwatsun kitso guda tara, da rabin fensir mai launi.

Kowa ya juya ya dubi Mage.

Ta sunkuyar da kai tana murza yatsan ƙafa.

"Wanka nake yi musu," ta ce, "sai suka tafi."

"Ashe ke ce dodon!" in ji Mama. "Kwana shida kin hana ni barci, ja'ira, ashe gurnanin naki ne!"

Dariya ta kuɓuce wa Mage, irin wadda Auta ta yi kwanaki ba ta ji ba, har tocilar na faɗuwa. Auta ta juya wa bango fuska ta yi kamar tana gyara tawul.

Ya mayar da gwiwar, ya ɗora hannun yarinyar kan sifana suka ɗaure tare. "Buɗe famfon," ya ce. Ta ɗaga ƙafa ta buɗe. Ruwa ya sulale ya wuce, ko tari bai yi ba.

"Me ake yi a nan?"

Yaya ne a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, fuska a murtuke.

"Kawu, ba za ka shiga bututu ba, mun gwada," in ji Mage. "Tumbinka ya yi yawa."

*

A falo aka zauna. Daga banɗaki ana jin Mage tana cika bokiti, ta ce yau ita za ta yi wa kanta wanka, kuma kada kowa ya shigo.

"Gyaran famfo daban, aure daban," in ji Yaya. "Mutumin da zai miƙo irin wannan abu gidan da yarinya take, bai ce uffan ba, ba shi da lissafi. Ko ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba, Yaya," in ji Mai Famfo, kansa a ƙasa. "Laifina ne. Da ban bayar ba..."

"Ya rubuta."

Duk suka dubi Auta. Ita kanta ba ta san ta miƙe ba.

"Ya naɗe shi da filasta, ya rubuta ba na yara ba ne, har ya ja layi biyu. Ni na ɓare na jefar, don kada ka gani ka yi mini fassara. Ni na ce wa Mama katun ne. Ni na firgita 'yata, Yaya, sannan na zauna ina ji kana zaginsa na yi shiru. Shi kuma ya sani tun ranar Laraba, ga shi har yanzu yana cewa laifinsa ne." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kuma ba shi kaɗai ke kallon 'yan tsanar ba. Ni ma ina kallo. Su suka tashe ni daga kwance lokacin da duk kuka gaji da lallashina."

Yaya ya buɗe baki, ya dubi Mama yana neman agaji.

"Kar ka dube ni," in ji Mama. "Na kalla, kashi goma sha ɗaya cif. Ba na yara ba ne, ko kusa. Ni ma da na soka ban tsaya na ga farkonsa ba, ina da nawa kason. Amma ba na banza ba ne. Mutanen da aka ƙwace wa komai, ba su daina kula da junansu ba, shi ke nan labarin." Ta juya ga Mai Famfo, ta zare tabarau. "Kai kuma, ina da magana da kai. Tsakaninka da Allah, tsohuwar nan ta mutu ko ba ta mutu ba? An bar ta a kan igiyar shanya, ruwa na tasowa, sai abu ya ƙare! Ina na sha biyun?"

"Ban saka ba, Mama. Ni ma ban kalla ba."

"Don me?"

Ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi. "Na ajiye ne... na ce sai ranar da muka zama gida ɗaya, mu kalla tare."

"Ikon Allah! To ni da na kwana biyu da tsohuwar nan a raina fa?"

"Mama!" in ji Yaya. "Yanzu saboda katun za ki ba da 'yarki?"

Mama ta daina wasa.

"A'a. Saurara."

Suka saurara. Ruwa na zuba a banɗaki, ƙofa a rufe, Mage na rera wata waƙa da ita kaɗai ta san kanta.

"Kwana shida muna ce mata babu komai, ni da uwarta da kai. Shi kaɗai ya kwanta a ƙasa ya buɗe mata ta gani. Wanda zai riƙe mini jika ke nan." Ta dubi Mai Famfo. "Ka gaya wa mutanen gidanku muna jiransu. Sharaɗina ɗaya: kayan kallon nan a akwati mai makulli, har ta girma."

"Makullin a hannuna," in ji Auta.

"Na yarda," ya faɗa da sauri. "Wallahi na yarda."

Yaya ya daɗe yana juya makullin motarsa. Can ya yi tsaki, amma tsakin ba shi da ƙarfi.

"Tun ranar Laraba ka sani, kuma ka bari ina zaginka?"

"Yayanta ne kai. Gara ni da ita."

Yaya ya kawar da kai, ya miƙa masa hannu ba tare da ya dube shi ba. "Tankin gidana na yoyo. Ka zo ka duba. Ban ce na yarda da 'yan tsana ba."

Hannunsu na haɗe aka danna hon a ƙofar gida. Sau biyu, a natse.

Yaya ya dafe kai. "Inna lillahi. Mai Kemis! Ni na ce masa ƙarfe goma sha ɗaya." Ya miƙe yana dube-dube. "Bari in fita in ce masa ba kya nan. Ko in ce ba ki da lafiya."

"Zauna, Yaya."

Auta ta share fuskarta da tafin hannu, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ɗauki mayafi a kan kujera.

"Mutumin kirki ne, bai cancanci a yi masa ƙarya ba," ta ce. "Ni zan gaya masa, da bakina."

Ta dubi Mai Famfo sau ɗaya, murmushi ya suɓuce mata. Sannan ta buɗe ƙofa ta fita.